Raba Hutu a Gadon Mota: Awannin da Yake Tsare wa Direba da Waɗanda Yake Bin Sa



Shugaban taro, malamanmu, iyayenmu maza da mata, 'yan'uwana direbobi, da ƙannenmu da ke shirin karɓar lasin babbar mota a wannan ƙasa ta Amurka, barkanku da zuwa. Na san a cikinku akwai wanda ya ajiye tirela a tasha ya shigo gari don wannan zama, kuma agogonsa yana can yana jiransa. Saboda haka kai tsaye zan shiga maganar da aka ɗora mini, wato dokar da ta ba direba damar raba hutunsa na awa 10 gida biyu a gadon da ke bayan kujerarsa, da yadda rabon ke taɓa awannin da suka rage masa na tuƙi.

Na zaɓi wannan magana ne saboda tambayar da ta fi zuwa mini a waya, sau da yawa da tsakar dare. Mutum zai ce, "Yallaɓai, na kwanta awa 7, na yi 3 tun da rana, 10 ke nan cif, to me ya sa na'ura take nuna mini saura awa 5 maimakon 11? Ko ta lalace ne?" Na'urar lafiyarta ƙalau. Lissafin ne ba a koya masa ba. Makarantun koyon tuƙi da yawa sun fi mai da hankali ga yadda za ka ci jarrabawa, ka iya ribas da bodi, ka iya duba birkin iska. Wannan babi kuwa sai a wuce shi a cikin minti biyar, alhali a kansa ake rasa lodi, a kansa ake cin tara, wani lokaci ma a kansa ake rasa rai.

Bari mu fara da agogon da ke kan kowane direban kaya, don mu tashi daga wuri ɗaya. Hukumar tarayya mai kula da lafiyar manyan motoci, FMCSA, wadda aka kafa a farkon shekarar 2000, ita ce ke riƙe da waɗannan dokoki. Bayan ka huta awa 10 a jere, kana da awa 11 na riƙe sitiyari. Waɗannan 11 ɗin dole su faɗo a cikin wa'adin awa 14 da ke fara tafiya tun daga lokacin da ka taɓa aikin farko, ko da duba tayoyi ne. Idan ka tara awa 8 na tuƙi, sai ka saki sitiyari na minti 30. Sannan a saman duka akwai rufi: awa 70 na aiki a cikin kwana 8, ko 60 a cikin kwana 7 ga kamfanin da ba ya aiki kowace rana, kuma hutun awa 34 a jere ne ke mai da wannan lissafi sabo.

A cikin waɗannan, wa'adin 14 shi ne mai wuyar sha'ani. Awa 11 na tuƙi ba sa raguwa sai mota tana tafiya. Amma 14 ba ruwansa. Kana cin abinci yana tafiya, kana salla yana tafiya, kana zaune a ƙofar sito kana jiran a kira lambarka yana tafiya. Hanya ɗaya ce ta yau da kullum da doka ta bari a tsayar da shi ba tare da an yi cikakken hutun 10 ba, ita ce wannan ta raba hutu.

Ga yadda dokar take tun daga 29 ga Satumba 2020. Ka raba awa 10 gida biyu. Babban kason kada ya gaza awa 7 a jere, kuma dole a cikin gadon mota za a yi shi. Ƙaramin kason kada ya gaza awa 2 a jere, shi kuma ko a gado, ko a masallaci, ko a gidan abinci, muddin ba ka kan aiki. Idan aka haɗa su, su kai 10. Saboda haka 8 da 2 ya yi, 7 da 3 ya yi, 7 da rabi da 2 da rabi ma ya yi. Amma 7 da 2 tara ne, bai cika ba, kuma nan mutane da yawa ke zamewa, domin sun ji an ce "aƙalla 7" da "aƙalla 2" sai suka ɗauki mafi ƙanƙanta daga kowane ɓangare. Wanda ya fara zuwa a cikin kason biyu ba matsala ba ne, ko babba ko ƙarami. Idan suka haɗu yadda ya kamata, babu ɗaya daga cikinsu da za a cire daga wa'adin 14. Wannan ta masu ɗaukar kaya ce. Direbobin bas nasu tsarin daban ne, kada a haɗa.

Shi kansa gadon doka ta faɗi girmansa. Tsawonsa kada ya gaza inci 75, faɗinsa inci 24, wato kimanin santimita 190 da 61. Wanda ke jan ƙaramin kan mota marar gado, ya kwantar da kujera ya yi minshari na awa 7, wannan bai shiga lissafi ba.

Tsofaffin hannu da ke cikinmu, waɗanda suka fara tuƙi kafin 2005, na san abin da ke ransu. A zamaninsu ba haka abin yake ba. Tun ƙarshen shekarun 1930, da gwamnatin tarayya ta fara sa wa direbobi ƙa'idar awanni, har zuwa 2003, tsarin shi ne tuƙin awa 10 da hutun awa 8, kuma mai gado yana iya raba hutunsa yadda ya so muddin kowane kaso ya kai awa 2. Dokar da ta fara aiki a Janairun 2004 ta kawo 11 da 14 da 10, amma ta bar rabon a sake, har direbobi biyu masu mota ɗaya suka saba da biyar-biyar: kai ka tuƙa 5, ni in kwanta 5, mu yi ta musaya. Kotu ta soke waccan doka a 2004, hukumar ta dawo da sabuwa a Oktoban 2005, ta ce babban kason sai ya kai awa 8. Kuma a wancan tsari, ƙaramin kason na awa 2 yana cin wa'adin 14 ɗinka. Shekara 15 aka yi a haka. Gyaran 2020 ne ya sauko da 8 zuwa 7, ya kuma fitar da ƙaramin kaso daga cikin wa'adin. Wannan gyara na biyu shi ne mai nauyi, ko da yake na farkon aka fi yayatawa. Duk wanda ya koyi lissafinsa kafin 2020 bai sabunta ba, yana asarar awannin da halalinsa ne.

Yanzu mu hau mota mu yi tafiyar kwana guda. Wanda ke da biro ya fito da shi.

Direba ya tashi daga cikakken hutu, ya fara aiki ƙarfe 6 na safe. Awa ɗaya ya yi yana duba mota da ɗaura bodi. Ƙarfe 7 ya ɗau hanya, ya tuƙa awa 5, ƙarfe 12 na rana ya isa siton da zai sauke kaya. Mai gadi ya karɓi takardunsa ya ce ya je ya faka, ba za a kira shi ba sai ƙarfe 3. Zuwa yanzu ya ci awa 5 daga cikin 11, da awa 6 daga cikin 14.

A ce bai san rabo ba. Wa'adinsa zai ƙare ƙarfe 8 na dare ko yana so ko ba ya so. An kira shi ƙarfe 3, an gama sauke kaya ƙarfe 4, ya kama hanya. Yana da sauran awa 6 na tuƙi a hannu, amma ƙarfe 8 zai tsaya, ya ci 4 kawai. Awa 2 sun tafi a banza. Ga mai tafiyar mil 60 a awa, mil 120 ke nan, kuma yawancinmu da mil ake biyanmu. Idan a misali santi 60 ake ba ka a kan kowace mil, dala 72 ta salwanta a yini ɗaya saboda jiran da ba kai ka jawo ba.

To a ce ya sani. Da mai gadi ya ce sai ƙarfe 3, sai ya danna na'ura ya fita daga aiki, ya yi alwala ya yi azahar, ya ci abinci, ya ja labule ya yi ƙailula. Awa 3 cur. Waɗannan 3 ɗin ba za su ci wa'adinsa ba. Da ya dawo aiki ƙarfe 3, har yanzu 6 ya ci daga 14, saura 8, wato wa'adin ya matsa zuwa ƙarfe 11 na dare. An sauke kaya zuwa ƙarfe 4, ya tuƙa cikakkun awa 6 ɗinsa, ƙarfe 10 na dare ya faka da 11 cif. Bai rasa komai ba.

Amma kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Tun da ya wuce ƙarfe 8 yana tuƙi, ya ɗau alkawarin kwanciya aƙalla awa 7 a gadon mota. Idan bai cika ba, waɗancan awa 3 na rana sun koma cikin lissafi, kuma duk tuƙin da ya yi daga ƙarfe 8 zuwa 10 ya zama saɓa doka, ko da yake a lokacin da yake yinsa na'ura ba ta yi ja ba. Idan ya kwanta 6 da minti 40 aka buga masa ƙofa ya tashi ya matsa da mota, ya ɓata. Idan ya ce yau kam ya gaji da gadon mota, ya je otal ya kwana, ko gidan ɗan'uwa a garin, babban kason bai samu ba, domin sharaɗinsa gadon mota ne.

Ya cika alkawari. Ya kwanta ƙarfe 10, ya tashi ƙarfe 5 na asuba. Ga inda tambayar tsakar daren nan take fitowa. Awa nawa yake da su?

Doka ta ce idan kaso na biyu ya cika, a koma a fara ƙirga daga ƙarshen kaso na farko. Ƙarshen kaso na farko shi ne ƙarfe 3 na jiya da rana. Duk abin da ya yi kafin ƙarfe 12 an share masa. Duk abin da ya yi tsakanin hutun biyu yana nan a wuyansa. Tsakanin ƙarfe 3 da ƙarfe 10 ya tuƙa awa 6, saboda haka 11 a cire 6, saura 5. Wa'adi kuma ya ci 7 a tsakanin, 14 a cire 7, saura 7, wato zuwa ƙarfe 12 na rana. Ya farka da awa 5 na tuƙi da awa 7 na wa'adi. Abin da aka mayar masa shi ne daidai abin da ya kashe kafin hutun farko, ba ƙari.

Ina roƙon ku riƙe wannan da kyau, domin shi ne ƙashin bayan maganar: raba hutu ba ya haifar da ko minti ɗaya na tuƙi. Yana tsayar da wa'adi ne, yana kuma matsar da wurin da ake fara ƙirga. Duk lokacin da ka duba baya ka haɗa tuƙin da ke gaban hutu da wanda ke bayansa, ba za su wuce 11 ba. Rufin awa 70 kuwa bai ma san an yi rabo ba, yana nan yana tara abinsa.

Mutuminmu yanzu yana da zaɓi, kuma a nan gwanintar direba take. Yana iya tashi ƙarfe 5 da awa 5 ɗinsa. Ko ya ƙara awa 3 a gado ya cika 10 a jere, ƙarfe 8 ya tashi da sababbin 11 da 14. Wato haƙurin awa 3 zai saya masa awa 6 na tuƙi. Idan lodinsa na gaba mil 200 ne kuma ana jiransa ƙarfe 10 na safe, tashin asuba ya fi. Idan mil 600 ne a gabansa daga Memfis zuwa cikin Teksas, tashin asuba zai sa ya tsaya da hantsi ya sake zaman awa 3 kafin ya ci gaba, kuma a ƙarshe kusan tare da mai haƙuri zai isa. Ni a nawa ganin, a mafi yawan ranaku cika 10 ɗin ya fi alheri, ga aljihu ga jiki.

In kuwa ya tashi da asuba, ya duba mota na rabin awa, ya tuƙa 5 ɗinsa zuwa 10 da rabi, sai ya sake hutun awa 3. Wannan sabon hutu zai haɗu da awa 7 na daren jiya, ƙirga ta koma ƙarfe 5 na asuba, ya samu 6 na tuƙi. Kowane hutu yana iya haɗuwa da na bayansa, ya kuma haɗu da na gabansa, kamar zoben sarƙa. Mutum zai iya yin kwanaki a haka: 5, hutu, 6, hutu. Doka ta yarda. Sai dai zobe ɗaya ya tsinke, lissafin baya da na gaba duk su rikice, kuma ba abin da ke warware su sai cikakken hutun 10.

Idan babban kaso ne ya fara zuwa, abin ya fi ba da mamaki ga sabon shiga. Ka tuƙa 8, ka ci 10 daga wa'adi, ka kwanta awa 8 a gado. Ka tashi garau kana jin kamar sabuwar rana. Amma har yanzu rabon bai cika ba, saboda haka 3 kawai ke hannunka na tuƙi, da 4 na wa'adi. Sai ka ci su, ka yi hutun awa 2, sannan 8 ɗin nan su dawo maka.

Wannan shi ne ya taɓa kama ni a shekarun farko, zamanin littafin takarda. Na kwanta awa 8, na ɗauka na wanke, na tuƙa fiye da abin da ya rage mini. A wurin sikeli jami'i ya buɗe littafin, ya bi layukan da yatsa, ya nuna mini inda na ƙetare. Aka tsayar da ni awa 10 a wurin. Lodin ya makara, laifin ya shiga tarihin tuƙina da na kamfanin da nake yi wa aiki, kuma na daɗe ina jin nauyin abin a raina, domin da na afka wa iyalin wani a waɗannan awanni, ba ni da abin faɗa. Tun 18 ga Disamba 2017 da aka wajabta na'urar ELD mai lissafin awanni, ba sauran gyara layi da biro. Na'urar tana haɗe da injin, da mota ta kai gudun mil 5 a awa za ta rubuta tuƙi. Amma kada ku miƙa mata hankalinku gaba ɗaya. Kamfanonin da ke ƙera su da yawa ne, kuma ba iri ɗaya suke nuna rabo ba. Wata sai ka kunna mata maɓallin rabo kafin ta tsayar da wa'adi, wata sai kaso na biyu ya cika take gyara lambobin. Ka san taka tun kana gida, ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai tarko a ƙofar sito da ya kamata in tsaya a kansa. Ba kowane jira ne hutu ba. Idan kana tsaye kana ƙirga kwalaye, ko kana lura da masu lodi, ko kana bin layi kana matsawa kaɗan-kaɗan, kana kan aiki. Hutu shi ne a sake ka, ka kwanta ko ka tafi harkarka. Kuma dole ya zama a jere. Ka yi awa 1 da minti 50, aka kira ka ka ja mota zuwa ƙofa ta 12, to awa 2 ba ta samu ba, sai dai a fara daga farko. Minti 10 nan sun isa su rusa shirin yini. Direban da ya san abin da yake yi yakan tambayi mai karɓar takardu tun da farko, cikin ladabi, yaushe ne da gaske za a kira shi, ya kuma gaya masa cewa yana shiga hutun doka.

Jiran nan ba ƙaramin abu ba ne a wannan sana'a. Ofishin babban mai bincike na ma'aikatar sufuri ya fitar da rahoto a 2018 da ya kiyasta cewa jira a wuraren lodi yana rage wa direbobi kuɗin shiga fiye da dala biliyan 1 a shekara, kuma ƙarin minti 15 a kan matsakaicin jira yana ɗaga yiwuwar haɗari da kashi 6.2 cikin ɗari. Dalilin a fili yake. Wanda aka cinye wa wa'adi a ƙofar sito, a kan titi yake ramawa. A nan ne na yaba wa gyaran 2020, domin ya cire wa direba wannan wuta ta tsere da agogo. Amma ina da ƙorafi a kansa, kuma zan faɗe shi. Da, idan sito ya riƙe ka awa 4, kowa ya san an cuce ka. Yanzu sai disfaca ya bugo daga ofis ya ce, "Ba komai, sa shi a rabo." Sauƙin da aka yi don direba ya zama abin da wasu ke fakewa da shi su miƙe maka yini. Mutumin misalinmu ya fara ƙarfe 6 na safe, yana kan titi har 10 na dare. Awa 16 ke nan. Idan ya yi barci a waɗancan awa 3, madalla. Idan waya ya yi ta latsawa, ko zafi da ƙarar injinan sanyaya kaya suka hana shi runtsawa, to takardarsa tsaf take, idonsa kuwa na mai awa 16 a farke ne.

Doka kwanciya take ƙirgawa, ba ta da hanyar ƙirga barci. A Yunin 2014, a babbar hanyar Niyu Jasi, wata tirela ta afka wa motar da ke ɗauke da ɗan wasan barkwanci Tracy Morgan. Abokinsa James McNair ya rasu, shi da wasu suka ji munanan raunuka. Hukumar binciken haɗurra ta NTSB ta gano direban ya fi awa 28 bai yi barci ba. Ya tuƙo motarsa ta kansa kimanin mil 800 daga Jojiya zuwa Delawe cikin dare, sannan ya hau tirela. A lokacin haɗarin bai ma cika wa'adin 14 ɗinsa ba. Shi ba rabo ya yi ba, amma ramin da ya faɗa shi ne ke jiran mai rabo: awannin da aka rubuta hutu, jiki bai gan su ba.

Masu binciken barci sun nuna cewa wanda ya yi awa 17 a farke, hankalinsa da saurin hannunsa suna raguwa kamar na wanda giya ta kai 0.05 a jininsa. Ga mai lasin babbar mota a ƙasar nan, iyakar doka 0.04 ce. Mu da ba ma kusantar giya, sai ga shi rashin barci yana iya kai mu inda take kai masu shanta. Mu Hausawa mun ce barci ɓarawo ne, kuma a kan sitiyari ba ya sallama. Gyangyaɗin daƙiƙa 4 a gudun mil 65 ya fi mita 110, tsawon filin ƙwallo, da nauyin fam 80,000 a bayanka, kimanin tan 36.

Wannan ba yana nufin rabo mugun abu ne ga jiki ba. Binciken da Jami'ar Jihar Washintan ta yi wa hukumar ya kwatanta hanyoyi uku. Masu kwana da dare a jere sun fi kowa samun barci. Masu raba shi gida biyu suka biyo baya. Waɗanda aka ba dogon hutu a jere amma da rana tsaka, su ne suka fi ƙarancin barci. Saboda haka lokacin hutun yana da nauyi kamar tsawonsa. Jikin ɗan Adam yana neman kwanciya sosai daga tsakar dare zuwa asuba, yana kuma yin sanyi bayan azahar. Wanda ya ɗora awa 7 ɗinsa a kan dare, ya ɗora 3 a kan lokacin ƙailula, ya bi tsarin da kakanninmu manoma da fatake suka rayu a kansa. Wanda ya juya shi, ya kwanta 7 da rana ya ratsa ƙarfe 3 na dare a kan titi, yana cikin doka amma yana faɗa da halittarsa. Kuma ku tuna awa 7 a gado ba barcin awa 7 ba ne. Cire cin abinci, cire kiran gida, da yake bambancin lokaci ya sa dare a nan safiya ce a Kano da Damagaram da Kumasi, cire sallar asuba. Abin da ya rage sau da yawa 5 da rabi ne. Masu azumi su ƙara lura da wannan a watan Ramadan.

Wani amfanin rabo da ba a cika faɗa ba shi ne wurin fakawa. Duk wanda ya nemi gurbi a tashar manyan motoci bayan ƙarfe 7 na yamma ya san halin. A 2009 wani direba mai suna Jason Rivenburg ya isa kusa da inda zai sauke kaya a Karolina ta Kudu kafin lokacinsa, bai samu amintaccen wurin jira ba, ya faka a wani gidan mai da aka daina amfani da shi. A nan aka kashe shi a kan dala 7. Sunansa aka sa wa sashen dokar 2012 da ya shafi samar wa manyan motoci wuraren tsayawa, kuma har yau wuraren ba su wadata ba. Mai iya rabo yana iya tsara tafiyarsa ya kauce wa cunkoson Atalanta ko Shikago na yamma, ya huta lokacin da titi ya cushe. Amma kafin ka dogara da rabo, ka san inda za ka yi awa 7 ɗin nan ba tare da an tashe ka ba. Idan ba ka da wurin, ba ka da rabon.

Masu tafiya biyu a mota ɗaya, ku naku akwai ƙari: bayan ko kafin awa 7 a gado, kana iya zama har awa 3 a kujerar gefe mota tana tafiya, a haɗa maka su zama hutun 10. Masu ƙetarawa Kanada kuma su sani can tuƙin yini awa 13 ne, rabon mai tafiya shi kaɗai ya fi namu sakewa, amma da ka dawo wannan gefen iyaka dokar nan ce a kanka. Tun 2021 hukumar ta gabatar da shawarar gwada 6 da 4, da 5 da 5. Gwaji ne ga waɗanda aka zaɓa. Kada wani ya gaya maka a tasha cewa an buɗe wa kowa, ka duba da kanka kafin ka aikata.

Da yawa daga cikinmu 'ya'yan direbobi ne, ko mun yi yaron mota a hanyar Legas zuwa Kano, mun kwana a Tafa ko Mararrabar Jos a ƙarƙashin bodi. Can goro da shayi da ƙarfin hali ne ke yanke wa mutum lokacin tsayawa, kuma kowannenmu ya san gidan da aka yi zaman makoki saboda hakan. Wannan tarbiyya ta jimiri muka zo da ita, shi ya sa kamfanoni ke son mu. Ita ce kuma ke sa ɗanmu jin kunyar cewa ya gaji. To ku sani akwai doka ta musamman, daban da ta awanni, da ta haramta wa direba tuƙi idan gajiya ko ciwo sun rage masa hankali, ta kuma haramta wa kamfani sa shi. Tun 2016 akwai kuma wadda ta hana kamfani ko dillali ko mai kaya tursasa direba ya karya ƙa'ida, da hanyar kai ƙara. Ko na'ura ta nuna maka sauran awa 5, idan idonka ya yi nauyi, kana da hurumin fakawa.

Roƙona ga manyanmu masu motoci da ke ɗaukar ƙannenmu aiki: kada ku ba yaro makulli sai kun zauna da shi da takarda, ya lissafa muku misalin nan na ƙarfe 6 zuwa ƙarfe 5 da hannunsa, ya fito da 5 da 7. Iyayenmu mata da matan gida, idan ya ce muku ya shiga awa 7 ɗinsa, ku bar kiran sai ya tashi. Ku kuma 'yan'uwana direbobi, duk wanda na'urarsa ke cikin wayarsa ya tsaya bayan an tashi, mu buɗe kwanakinsa 8 na baya mu bi su tare ɗaya bayan ɗaya. Ina nan har sai na ga na ƙarshe.

Allah ya kai kowa gida lafiya.